Makullin Cibiyar Taya: Tarihin Ƙaramin Ƙarfen da Ke Hana Mota Kwana a Laka

Duk wanda ya saba bin hanyar karkara a tsakiyar damina ya san wannan yanayi. A-kori-kura mai jan taya huɗu ta faɗa kwatami, direba ya ja ƙaramar sandar giya ya sa ta a lamba huɗu, ya taka totur. Tayoyin baya suna ta watsa laka suna haƙa wa kansu rami, na gaba kuwa suna tsaye kamar an dasa su. Fasinjoji su sauko su yi turi, a cusa itace da duwatsu, har a fara zargin inji ko giyabos. Sau da yawa kuwa laifin yana wani wuri da bai wuce faɗin tafin hannu ba. Wani majuyi ne da ke tsakiyar kowace tayar gaba, ɗauke da kalmomi biyu, FREE da LOCK. Ko dai ba a murɗa shi ba, ko kuma an murɗa bai kama ba, saboda an yi shekara ba wanda ya taɓa shi.

Wannan majuyi shi ne fuskar makullin cibiyar taya, na'urar da ke haɗa tayar gaba da aksul ɗinta idan ana so, ta kuma raba su idan ba a so. Ya haura shekara 70 a duniya. An ƙirƙiro shi don magance wata matsala da Yaƙin Duniya na Biyu ya bari, kamfanonin mota sun kwashe shekaru suna neman hanyar rabuwa da shi, amma har yau yana nan a tayoyin motocin da ke aiki a wuraren da babu gareji kusa. Wanda ya san dalilin zuwansa da dalilin daɗewarsa ya san rabin yadda ake kula da shi.

Matsalar da yaƙi ya bari

A tsakiyar 1940 rundunar sojan Amurka ta nemi a ƙera mata ƙaramar mota mara nauyi wadda tayoyinta huɗu duk za su ja. Ta aika wa kamfanoni 135 takardar buƙata, ta kuma ba da kwana 49 kacal a kawo samfuri. Wani ƙaramin kamfani mai suna American Bantam da ke garin Butler a jihar Pennsylvania ne ya cika wa'adin, da taimakon injiniya Karl Probst, ya kai motarsa sansanin Holabird a watan Satumba. Sai dai Bantam ba shi da ƙarfin ƙera adadin da ake so, don haka babban aikin ya koma hannun Willys-Overland da Ford. Daga 1941 zuwa 1945 kamfanonin biyu sun fitar da jif kusan 640,000.

Tsarin jif ɗin mai sauƙi ne. A bayan giyabos akwai wani akwatin giya na biyu da ke raba ƙarfin inji. Farfela ɗaya tana zuwa baya, ɗaya tana zuwa gaba, kuma direba yana da sandar da zai katse ta gaban idan ya hau hanya mai kyau. Amma katsewar ta tsaya ne a akwatin giya kawai. A ɗaya ƙarshen, tayoyin gaba a ɗaure suke da sandunan aksul ta wani faifan ƙarfe mai notina. Saboda haka ko inji ba ya tura gaba, tayoyin da ke birgima a ƙasa su ne ke juya sandunan aksul, su kuma su juya difarenshal, wato kwaryar haƙoran da ke raba gudu tsakanin tayar dama da ta hagu, shi kuma ya juya farfelar gaba. Duk waɗannan ƙarafa masu nauyi suna ta juyawa cikin mai mai kauri ba tare da suna yin wani aiki ba.

Soja a fagen fama bai damu da wannan ba. Gwamnati ke sayen mai, kuma ba a tsammanin motar za ta tsufa. Amma da yaƙi ya ƙare aka sayar da ragowar jif ga manoma, mafarauta da masu aikin katako, Willys kuma ya fitar da samfurin farar hula, CJ-2A, a 1945. Waɗannan sababbin masu jif yawancin tafiyarsu a kwalta take, daga gona zuwa gari. Sai suka ga motar tana kuka, sitiyari yana rawa a hannu, gaɓoɓin aksul na gaba suna cinyewa da wuri, mai kuma yana tafiya a banza.

Dabarar Arthur Warn

Arthur Warn dillalin motocin Willys ne a yankin birnin Seattle na jihar Washington, kuma koke-koken masu saye a kunnensa suke sauka. Ya lura cewa idan aka katse farfela daga sama, ya kamata a katse tayar ma daga ƙasa, yadda duk abin da ke tsakaninsu zai tsaya cik. A 1948 shi da matarsa Sadie suka kafa kamfanin da har yau yake ɗauke da sunansu, wanda daga baya ya koma jihar Oregon.

Cibiyar farko da ya fitar ba ta da majuyi. Murfi ne kawai da ake ɗaurawa a madadin faifan asali, ya bar taya ta juya ita kaɗai. Idan ana buƙatar jan gaba sai a ɗauko sifana a kwance shi a mayar da tsohon faifan. Wannan ya dace da mutumin da ke sauya tsarin motarsa sau biyu a shekara, lokacin zafi da lokacin ƙanƙara, amma bai dace da wanda zai iya cin karo da laka bayan kwana ta gaba ba. Cikin shekarun 1950 aka kai ga siffar da aka sani yanzu, wadda ake kullewa ko buɗewa da murɗawar hannu ba tare da kwance noti ko ɗaya ba. Wasu kamfanoni irin su Dualmatic da Selectro suka shigo da nasu salon, wasu da majuyi, wasu da 'yan sanduna da ake ɗagawa.

Kasuwar ta faɗaɗa ne saboda jan taya huɗu ya fita daga hannun jif kaɗai. Dodge ya fara sayar wa farar hula Power Wagon a 1946, Ford ya fara haɗa a-kori-kura mai jan huɗu a masana'antarsa a 1959, International Harvester ya fito da Scout a 1961, Ford Bronco ya biyo baya a 1966, sai Chevrolet Blazer a 1969. Dukkansu sun gaji matsalar jif, kuma makullin cibiya ya tashi daga abin da mai mota ke saya ya ƙara da kansa ya zama abin da ake zaɓa tun wurin dillali.

Abin da ke bayan majuyin

Idan aka buɗe makullin, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Ƙarshen sandar aksul yana da tsage-tsage a jikinsa, kuma a kansu ake zura wani ƙaramin giya da ke juyawa tare da sandar. Jikin makullin kuwa a ɗaure yake da cibiyar taya, yana juyawa tare da ita, shi ma da haƙora a bangonsa na ciki. Tsakanin su biyun akwai wani zoben ƙarfe mai haƙora ciki da waje, wanda ke iya zamewa gaba da baya. Idan aka murɗa majuyi zuwa LOCK, zoben yana shiga ya cije giyan aksul da jikin makullin a lokaci ɗaya, su zama abu guda. Idan aka mayar FREE sai ya ja da baya, taya ta ci gaba da juyawa a kan boris ɗinta, aksul ya huta.

Muhimmin sirrin shi ne majuyin ba ya tura zoben kai tsaye. Sifirin yake matsawa, sifirin ɗin ne ke tura zoben. An yi haka ne domin sau da yawa haƙoran ba sa fuskantar juna a daidai lokacin da aka murɗa. Sifirin zai ci gaba da dannawa har mota ta ɗan motsa, haƙoran su daidaita, zoben ya faɗa gurbinsa. Haka ma wajen buɗewa: idan haƙoran suna cije da nauyi, zoben ba zai saki ba sai an ɗan ja mota da baya. Ma'ana, dukkan aikin ya dogara da ƙarfin wani sifirin da yatsa ke iya matsewa. Duk abin da ya fi ƙarfinsa, ko tsatsa, ko busasshen giris, ko laka, zai bar majuyi yana nuna LOCK alhali ciki a buɗe yake.

Daga wannan tsari ne ƙa'idojin tuƙi suka fito. Jan gaba ba ya samuwa sai an haɗa abu biyu, sandar giya a cikin mota da makullan biyu a waje. Kulle ɗaya a bar ɗaya ba ya ba da komai, domin difarenshal zai aika juyin duka zuwa ɓangaren da ke sake. Tafiya da makullai a kulle alhali sandar giya tana kan jan biyu ba ta da illa, illa ɗan ƙarin shan mai, kuma ita ce dabarar direban da ya san hanyar gabansa gauraye ce, domin a yawancin motoci zai iya shiga jan huɗu ba tare da ya sauko ba. Akasin haka kuwa haɗari ne. Wanda ya yi ƙoƙarin shiga jan huɗu mota tana gudu makullai a buɗe zai ji haƙora suna gurzar juna, domin farfelar gaba a tsaye take. Wanda kuma ya sa ƙaramar giya mai ƙarfi makullai a buɗe ya ɗora wa aksul ɗin baya shi kaɗai nauyin da aka tsara wa aksul biyu. Sannan jan huɗu a busasshiyar kwalta yana murɗe ƙarafa, saboda a kwana tayoyin gaba sun fi na baya nisan zagaye, kuma wannan tsari ba shi da difarenshal na tsakiya da zai shanye bambancin.

Hanyar Ingila da hanyar Japan

A shekarar da Warn ya kafa kamfaninsa, ranar 30 ga Afrilu 1948, kamfanin Rover na Ingila ya nuna Land Rover ta farko a bikin baje kolin motoci na Amsterdam. Maurice Wilks, babban injiniyan kamfanin, ya samo tunanin ne daga wata tsohuwar jif ta soja da yake amfani da ita a gonarsa. Bayan 'yan shekarun farko, Land Rover ta zauna a kan tsarin zaɓi: maɓalli mai ruwan ɗorawa da ake dannawa don jan huɗu, da jar sanda don ƙaramar giya. Ita ma da faifan ɗauri take fitowa, don haka masu ita suka riƙa ƙara mata makullai, musamman na kamfanin Fairey.

A nan ne aka gano wani darasi da Warn bai yi niyyar koyarwa ba. Ƙwallon da tayar gaban Land Rover ke juyawa a kai cike yake da man giya, kuma juyawar sandar aksul ce ke watsa man zuwa maɗaurin sama. Idan aksul ya yi watanni a tsaye, maɗaurin ya bushe, sitiyari ya yi tauri. Na'urar da aka kawo don rage cin ƙarfe sai ta zama sanadin wani cin ƙarfen idan aka bar ta a buɗe ba iyaka. Daga baya Ingila ta bi wata hanya dabam. Range Rover ta 1970 ta zo da jan huɗu na dindindin mai difarenshal a tsakiya, Land Rover 110 ta bi sahu a 1983, kuma irin wannan tsari ba ya buƙatar makullin cibiya ko kaɗan.

Japan kuwa ta riƙe tsarin zaɓi. Toyota ya ƙera motarsa ta BJ a 1951, ya raɗa mata suna Land Cruiser a 1954, ya fito da jerin 40 a 1960 da jerin 70 a 1984, yayin da Hilux ta samu jan huɗu a 1979. Makullan da ke kan yawancinsu na kamfanin Aisin ne, ɗaya daga cikin kamfanonin rukunin Toyota, kuma sun yi suna wajen ƙarko har masu wasu motocin suna nemansu. Ta wannan ƙofa ce makullin ya fi shigowa ƙasashen Sahel. Land Cruiser jerin 70 da ƙungiyoyin agaji ke yin motar asibiti da ita, da wadda ke ratsa Tenere daga Agadez zuwa Dirkou, da tsohuwar Hilux mai kai taki ƙauye, da yawansu da wannan majuyi suke tafiya.

Tsadar mai ta ƙara masa kwana

A farkon shekarun 1970 kamfanonin Amurka sun ɗauka zamanin saukowa daga mota a murɗa ƙarfe ya wuce. A 1973 Jeep ya fito da tsarin Quadra-Trac, General Motors kuma ya fara sa akwatin giya samfurin NP203, wanda Ford da Dodge su ma suka yi amfani da shi. Duka biyun jan huɗu ne na dindindin. Amma a watan Oktoba na wannan shekara ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka sa takunkumi, farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. A 1975 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa kamfanoni rage shan man motocinsu, kuma daga samfurin 1979 ta haɗa da ƙananan motocin kaya.

Nan take juya ƙarafan gaba a banza ya sake zama abin ƙi. Masu motocin NP203 suka riƙa sayen kayan da ke mayar da su tsarin zaɓi, suna ƙara makullan hannu. Kafin 1981 manyan kamfanonin sun bar NP203 sun koma akwatin da ake katsewa. Ribar man da makulli ke kawowa ba ta da yawa a tafiya ɗaya, amma idan aka tara ta a dubban motoci, ko a shekarun mota guda, tare da ragin cin gaɓoɓi, sai ta zama abin lissafi.

Neman a hutar da direba

Duk da haka ƙorafi ɗaya bai gushe ba: mai mota ba ya son sauka cikin ruwan sama ko ƙanƙara. Hanyoyi uku aka bi don magance shi. Ta farko ita ce makulli mai kama kansa, wanda ya yaɗu a shekarun 1980. Da zarar aksul ya fara juyawa, wani gangaren ƙarfe a ciki yana tura zoben ya cije, kuma ana sakinsa ta hanyar fita daga jan huɗu a ja mota baya na 'yan mitoci. Rauninsa yana cikin wannan dabarar. Direban da ya maƙale yana gaba yana baya don ya fita, kowane sauyin alkibla na iya sa makullin ya saki ya sake kamawa da bugu, kuma a nan ne haƙora ke karyewa.

Hanya ta biyu ita ce a bar cibiya a ɗaure, a katse ɗaya daga cikin sandunan aksul a tsakiya. Jeep Cherokee ta 1984 ta yi haka da na'ura mai aiki da zuƙar iskar inji, General Motors ya yi nasa, Toyota ma ya kawo tsarin da ya kira ADD. Hanya ta uku ita ce a bar makullin a cibiya amma a sarrafa shi da zuƙar iska ta cikin siraran tiyo. Dukkansu suna aiki lafiya muddin roba ba ta tsufa ba. Tiyo ɗaya ya tsage, ko sil ya fara shan iska, sai jan gaba ya ɓace, kuma direba ba zai sani ba sai ranar da ya buƙace shi. Jeep da kansa daga baya ya yar da katsewar gaba ɗaya, Wrangler ta 1997 ta koma juya aksul ɗin gaba a kowane lokaci kamar jif ɗin yaƙi.

Abin da Ford ya yi a 1999 ya fi komai nuna inda aka kwana. Manyan a-kori-kuransa na Super Duty sun zo da makulli mai aiki da zuƙar iska, amma an bar masa majuyi mai matsayi biyu, AUTO da LOCK. Idan na'urar ta gaza, direba ya sauko ya murɗa da hannu. Da tsohuwar zuma ake magani. Shi ya sa har yau ɗaya daga cikin gyare-gyaren da aka fi yi wa tsofaffin motocin jan huɗu shi ne cire makulli mai kama kansa a sa na hannu.

Kulawar da yake nema

Makullin hannu bai cika mutuwa saboda aiki ba. Zama ne ke kashe shi. Littattafan Toyota na wancan zamani sun umarci a kulle makullan a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 kowane wata, ko da a jan biyu ne, domin mai ya zagaya difarenshal da gaɓoɓi, zoben kuma ya motsa a gurbinsa. A ƙasar da rani ke ɗaukar wata bakwai ko takwas, motar ofis na iya yin duk wannan lokaci a kwalta, ƙurar hunturu tana shiga, zafi yana busar da giris, sannan a tura ta ƙauye a watan Agusta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gwajin ba ya ɗaukar minti goma. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a sa mata waigi, sandar giya a kan jan biyu, a ɗaga tayar gaba ɗaya da jak. Idan majuyi yana FREE, taya za ta juya ita kaɗai, sandar aksul da farfela ba za su motsa ba. A murɗa zuwa LOCK a juya tayar, za a ji ƙaramin ƙas, sannan a ga aksul ya bi ta. A mayar FREE a ɗan juya ta baya, ya kamata ta saki. Sai a maimaita a ɗaya ɓangaren. Majuyin da ya ƙi murɗuwa da yatsu yana neman a buɗe shi ne a wanke, kuma wanda ya kama shi da filaya ko ya doke shi da guduma yakan fasa shi.

Lokacin da ya dace a buɗe shi shi ne duk sanda ake sabunta giris ɗin boris, da kuma bayan mota ta ratsa ruwa mai zurfi. Cibiyar da ta yi zafi idan ta nutse a ruwan sanyi, iskar cikinta tana tsukewa ta zuƙo ruwa ta duk kafar da ta samu. A irin na Aisin ana mayar da majuyi kan FREE kafin a kwance notina shida na murfi, a zare shi tare da zoben. Jikin makullin yana riƙe da notina shida masu wasu washa masu siffar mazurari, waɗanda ba sa fita da ɓamɓara. Ana sassauta noti har ya yi daidai da kan ƙusar, a ɗora sandar tagulla a buga, sai washan ya yi tsalle. Akwai kuma zoben riƙo a ƙarshen aksul da ake cirewa da filayarsa ta musamman, da wata 'yar ƙwallo da sifirinta a jikin majuyi, wadda idan ta faɗi a yashi ba a sake ganinta.

Bayan an wanke komai da kananzir an busar, sai a zo wurin da kanikawa da yawa ke kuskure da kyakkyawar niyya. Sun saba cika boris da giris, sai su cika makullin ma maƙil. Amma zoben da ƙaramin sifirin ke turawa ba zai iya ratsa dunƙulen giris ba. Shafa kaɗan a kan haƙora da wuraren zamewa ya isa. A sabunta zoben roba na majuyi da fakin na murfi da na jiki, domin su ne katanga tsakanin ciki da ruwa. Ɗauri kuma da ma'auni ake yinsa: a Hilux ta shekarun 1980 notinan jiki nutan-mita 31 ne, na murfi 10 kacal, domin ƙanana ne kuma saurin tsinkewa gare su.

Idan sauyawa ta zama dole

Wanki ba ya gyara haƙoran da suka zagaye ko suka ɓantare, ko jikin da ya tsage, ko ramukan notin da suka faɗaɗa. Alamunsu su ne ƙarar ƙas-ƙas a ƙarƙashin nauyi, ko bugu mai ƙarfi sannan jan gaba ya ɓace. Kafin a saya, abu na farko shi ne ƙidayar tsagen aksul, domin makullai masu kama ɗaya a waje sukan bambanta a ciki. Aksul ɗin Dana 44 na motocin Amurka tsage 19 gare shi a ƙarshe, Dana 60 yawanci 30. Hilux mai miƙaƙƙen aksul tana da 30, wadda tayoyinta na gaba ke lilo kowace da kanta a ƙarshen shekarun 1980 kuwa 26. Ɗaukar tsohon zuwa kasuwa ya fi dogara da sunan mota.

Ya fi kyau a sauya biyun tare, domin wahala ɗaya suka sha. Idan daga mai kama kansa ake komawa na hannu, wasu motocin suna buƙatar a sauya notinan boris da washansu ma. Sannan dole a binciki abin da ya kashe tsohon. Boris ɗin taya da ya yi sako-sako yana sa cibiya ta riƙa lilo a kan aksul, ta ci haƙoran sabon makulli cikin 'yan watanni. Manyan tayoyi fiye da ƙima da taka totur da ƙarfi alhali sitiyari yana karye gaba ɗaya su ma suna da nasu kason. Game da jabu kuwa, tsohon makulli na asali da aka wanke aka sa masa sababbin robobi sau da yawa ya fi sabon da ba a san asalinsa ba, domin ingancin ƙarfen zoben ba a gane shi da ido.

Akwai wata fa'ida ta ƙarshe da ba ta cikin lissafin Arthur Warn na mai da ƙara. Idan sandar aksul ko gaɓarta ko difarenshal na gaba ya karye a daji, direban da ke da makullin hannu zai buɗe biyun, ya mayar da giya jan biyu, a mafi yawan lokuta ya lallaɓa ya kai gari da tayoyin baya, karyayyen ƙarfen yana kwance ba ya juyawa. Motar da cibiyarta ke ɗaure dindindin ba ta da wannan mafita sai an kwance ƙarafa a gefen hanya. Wannan ne ya sa masu sayen motoci don aiki a hamada da dazuzzuka suke ci gaba da neman majuyin, ko da an ba su maɓalli a gaban sitiyari.

Ga ma'aikatar da ke da irin waɗannan motoci, ko ɗan kasuwar da ke da guda ɗaya, abin da tarihin ya bari a hannu ɗan kaɗan ne kuma ba ya cin kuɗi. A tabbata kowane sabon direba ya san cewa sandar giya rabin aikin ce. A sa rana ɗaya a wata da za a kulle makullan a yi tafiya da su. Kafin ruwan farko ya sauka a ɗaga taya a gwada, kuma idan an doshi hanyar da ake shakka, a sauko a murɗa majuyin tun ƙasa tana da tauri, kafin laka ta rufe shi.